Ha-kuri da 'Yar Idi Mahauci

Da sunan Allah nake ɗora wannan babi a kan na baya. Na shekarar da muka tashi daga babban gidan Williamsville ne. Na ji yadda kuke ba da labarin a tsakaninku, har kun fara ba 'ya'yanku: wai Idi mahauci ne ya ɓata mini suna a kasuwar Treichville, Alhaji Garba kuma ya biye masa ya karɓe ɗakin makaranta. Ban taɓa gaya muku haka ba. Amma na sha jin kuna faɗa ina zaune ban gyara muku ba, domin labarin ya fi mini daɗi a haka. Idi ya rasu, Alhaji ya rasu, innarku ma ta riga ni. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi, don haka ga shi.

Karatuna kaɗan ne, kun sani. Na yi allo a ƙauyenmu wajen Malam Ɗanbaba, na yi sauka, na taɓa littattafan farko na tsarki da salla, sai na biyo motar shanu na zo Abidjan ina saurayi. Abin da na ɗauko daga wurinsa shi ne abin da idona ya gani. Kowane yaro da allonsa. Malam yana zaune a buzu, yaro ya zo ya durƙusa ya biya, ya ce wa wannan je ka wanke, ya ce wa wancan koma ka sake. Wani ya shekara a babbaƙu, wani ya wuce su kafin a yanke gero. Ba wanda ake jira, ba kuma wanda ake ja. Ƙananan kuwa ba ya rubuta musu komai da farko. Su zauna gefensa suna wasa da ƙasa, suna riƙe masa kurtun tawada, har ranar da yaro zai ce da bakinsa shi ma yana son allo. Da na daina bin shanu na fara koyar da yaran unguwa a barandar gidan haya, haka na yi. Ban fahimci dalilin ba a lokacin, ban dai san wata hanya ba ce.

Alhaji Garba shi ne mai gidan. Yana shigo da kaya daga waje, yana da shaguna wajen Adjamé Mairie, mutum ne mai son a ce an yi abu a gidansa. Shi ya fasa bangon ɗakuna biyu ya mai da su ɗaya, ya sa kafinta ya yi bencina, ya kafa babban baƙin allo na bango, wanda yaran ke kira tablo. Ranar da ya ba ni makullin ya ce:

"Malam, yaran nan lakwal suke zuwa karatun boko, Laraba da Asabar kawai suke hannunka. In ka tsaya bin alluna ɗaya-ɗaya sai sun yi gemu ba su kai Sabbi ba. Yi yadda malaminsu da suke kira mushe yake yi a lakwal. Ka rubuta sau ɗaya, kowa ya gani."

Da alheri ya faɗa, kuma bai tilasta ni ba. Ni ne na ji daɗin tsayuwa a gaban ɗaki da sanda a hannu. Na tattara allunan na ɗaure na jefa saman kabad. Daga mai shekara huɗu har mai shekara goma na jera su a benci, layi ɗaya nake rubutawa, murya ɗaya nake so in ji. Na kuma kafa doka cewa ba a Faransanci a ɗakina, alhali yawancinsu a nan aka haife su, Hausar da suka sani ba ta wuce zo, tafi, ci abinci ba. Sunayen baƙaƙe da muka taso da su suna da hoto a kunnenmu. In an ce ambaki ka ga bakin a buɗe, in an ce mim-jaye ka ji an ja shi. Su kuwa ƙara ce kawai suke maimaitawa. Manyan suna hamma domin sun wuce wurin, ƙananan suna motsa baki ba sauti, na tsakiya ne suke ɗauke da ɗakin. Daga tsakar gida in ka saurara sai ka rantse kowa ya iya. Iyaye suka yi ta kawo yara har daga ƙetaren gada, can Treichville.

Cikin waɗanda aka kawo daga ƙetaren gada akwai Rabi, 'yar Idi. Idi yana da teburin nama a kasuwar Treichville, mun san juna tun ina bin shanu, yakan ajiye mini hanta ba tare da na tambaya ba. Matarsa Bajula ce, da Julanci da Faransanci ta yi renon yarinyar, kuma ta rasu kafin azumin shekarar bayan gajeriyar jinya. Na je ta'aziyya. Tsakar gidan cike da Hausawan kasuwa, ana shiga ana fita, duk wanda ya ga yarinyar sai ya tsaya ya dafa kanta. Ni ma na dafa. Bayan salla Idi ya ce ƙanwarsa Asabe za ta riƙa kawo ta wurina, ko za ta sami abin da zai ɗauke mata hankali, ta kuma koyi Hausa cikin yara. Shekarunta ba su wuce biyar ba. Siririya ce, ba ta magana, tana da wata ɗabi'a ta riƙe bakin rigarta da haƙora.

A lokacin muna kan Bisimilla, harafi-harafi. Ina nunawa da sanda, ɗaki yana amsawa: ba, sin, mim-ara, alu, lallam, ha-kuri. Ha-kuri shi ne zagayayyen harafin da ke rufe sunan Allah. A nan yara suka saba tuntuɓe, don haka nakan tsaya a kansa in bugi tablo in sa su maimaita, su sake, su kuma sakewa, da iyakar ƙarfinsu. Ranar farko da muka iso wurin Rabi ta toshe kunnuwa da hannu. Na ce ta sauke, ba ta ji abin da na ce ba, na sauke mata. Asabar ta gaba ta fashe da wani irin ihu, ta zame ƙarƙashin benci, da ƙyar aka jawo ta. Na ɗauka taurin kai ne irin na 'ya'yan da aka shagwaɓa. Na tsai da ita gaban ɗaki na ce ta faɗa ita kaɗai. Ta ƙi, na sa mata bulala a ƙafa. Ta yi fitsari a tsaye, yara suka yi dariya, wata babba cikinsu ta share wurin. Haka muka yi ta yi makonni. Ban taɓa zama a ƙasa kusa da ita ba. Ban taɓa sa wani yaro ya tambaye ta da harshen da take ji abin da ke damunta ba, tunda ni ne na hana harshen.

Na lura da abu ɗaya, na kuma ji daɗin kaina da na lura. Duk abin da muke karantawa tana zaune lafiya, sai a wuri ɗaya. Wata Juma'a bayan an taso masallaci muna zaune a ƙofar shagon Alhaji, 'yan kasuwa da mahauta da dillalan shanu, Idi ya tambaye ni yadda Rabi take. Da na ja shi gefe da abin ya zo da sauƙi. A nan inda nake zaune na ce:

"Idi, 'yarka ba ita kaɗai ba ce. Na daɗe ina lura. Da mun iso kan sunan Allah sai ta fashe da ihu ta nemi wurin ɓuya. Ba a ko'ina take yi ba, sai a nan. Ka san abin da ke gudun wannan suna."

Wasu suka yi salati. Idi ya sunkuyar da kai. Kafin mako ya zagayo maganar ta shiga kowane gidan Hausawa daga Adjamé har Treichville. Mata suka fara janye 'ya'yansu daga kusa da ita a bakin famfo. Aka daina kawo ta makaranta. Ni kuwa darajata ta ƙaru. Aka fara kawo mini masu ciwon kai da masu firgita a barci, ana cewa Malam yana da ido. Idi ya aika wa kawunsa a can arewa, wani malamin ƙauye da ya shahara da irin wannan aiki, kawun ya ce a kawo ta ta zauna wurinsa har ta rabu da abin. Wato yarinyar da ba ta jin Hausa, wadda ba ta daɗe da rasa uwa ba, za a ɗauke ta daga hannun ubanta da gwaggonta a kai ta inda ba mai jin ko kalma ɗaya daga bakinta. Idi bai so ba. Ya roƙe ni in zo gida in yi mata karatu tukuna, ko Allah zai sa a dace ba sai an yi tafiyar ba.

Na je da hantsi, na hau woro-woro, ƙaramar tasin unguwa, zuwa tasha, na shiga motar ƙetare gada. Idi yana kasuwa, Asabe ce ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki. Asabe a Treichville aka haife ta, wajen malamin Jula ta yi nata karatun, Hausarta gauraye take da Faransanci. Ta zaunar da Rabi a gabana da ɗan faranti na soyayyar ayaba, aloko, don ta tsaya wuri ɗaya. Na fara karatu. Na karanta abin da na sani na tsari, na ɗaga murya, sunan Allah ya fito daga bakina ba adadi. Yarinyar tana cin ayabarta tana kallon ƙudan da ke kan tabarma. Na matso na karanta a kunnenta. Ta kau da kai saboda numfashina, shi ke nan. Na fara shirya abin da zan ce, cewa abin nan mai wayo ne, ya san na zo ya lafe.

Ana haka wata amarya da aka kawo gidan daga Najeriya ba da daɗewa ba ta fito da bahon wanke-wanke, ta watsa ruwan, ya jiƙa takalmana da ke bakin tabarma. Ta riƙe baki ta ce:

"Wayyo Malam, yi haƙuri! Don Allah yi haƙuri, ban gani ba!"

Farantin ya kife. Kafin in juya Rabi ta shige ɗaki ta kutsa ƙarƙashin gado, da irin ihun da na sani. Asabe ta tashi tana faɗa da amaryar.

"Ke, ba a gaya miki ba? Ba a faɗin wannan kalma a gidan nan! Ki ce yako, ki ce sabari, ki ce duk abin da kika ga dama, ban da wannan."

Ta juyo gare ni tana karkaɗe zane.

"Malam, tun rasuwar mamanta ne. Ba ta san kalmar ba sai ranar. Kowa ya shigo, haƙuri, kowa ya taɓa ta, haƙuri, aka fito da maman aka tafi da ita. Ita a kanta, in an faɗa, wani za a ɗauka. Ran nan cewa ta yi da ni, tanti, wa ya mutu kuma? Amma wannan daban ne da na makaranta, ko? Yaya ya ce can sunan Allah ne."

Asabe ba ta san sunayen baƙaƙenmu ba, malaminta da wasu sunaye ya koya mata. Idi ya san su sarai, amma ban ce masa ha-kuri ba, sunan Allah na ce masa. Babba Bahaushe ba zai haɗa ha-kuri da haƙuri ba, kunnensa yana raba su. Yaran Abidjan ba su da ƙa a bakinsu, ka suke cewa. Ɗaki guda cike da yara yana kwarara wa marainiya hakuri, hakuri, ni kuma ina tsaye da sanda ina cewa a ƙara ƙarfi. Duk wannan ya zo mini a lokaci ɗaya, ina zaune a tabarmar, ruwan wanke-wanke yana bin ƙarƙashinta. Asabe tana jiran amsa. Na ce mata:

"Daban ne."

Na sa jiƙaƙƙun takalmana, ta ba ni ƙunshin naman da Idi ya bari domina, na karɓa na tafi.

Bulalar jahilci ce, maganar ƙofar shago ma ana iya cewa jahilci ce. Wannan kuwa da sanina na yi. A mota na yi ta kawo wa kaina dalilai. Na ce wa ya san gaibu, wataƙila duka biyun ne. Na ce zaman arewa zai amfane ta, za ta koyi Hausa da tarbiyya. Na ce in na janye maganata iyaye za su kwashe yara, ku kuma kuna ƙanana, autanku yana goye. Ban iya riƙe abin ni kaɗai ba, na gaya wa innarku tana tsinke ganye a ƙofar kicin. Ta saurara har na gama ba ta ɗago ba.

"To me ka ce wa Idi?"

"Ban gan shi ba tukuna."

"Asabe fa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗauki ƙunshin naman ta dafa, ta zuba muku, ta zuba mini, ita ta ci tuwonta da miyar jiya. Ba ta sake tayar da maganar ba. Innarku ba mai yawan magana ba ce, kun sani, amma gidan ya yi mini ƙunci a kwanakin. Takan ajiye mini ruwan alwala ta juya ba tare da ta ce ga shi ba. Na ci gaba da shiga makaranta ina buga tablo. Sai dai na fara ganin abin da ban gani ba a da: wani ɗan ƙarami a bencin baya wanda idonsa ba ya kai wa rubutun, yana kallon bakin na kusa da shi, wata da ta haddace layin tun tuni tana tsifar zaren hijabinta, wani da ke cewa alu yana nuna sin da yatsa. Na gan su, ban yi komai ba.

Wata safiyar Alhamis innarku ta dawo daga gidan suna ta tsaya a kaina da mayafinta ba ta cire ba.

"Malam, an ɗaure kayan yarinyar. Motar jibi ce. Asabe ta yi kuka har muryarta ta dishe."

Na ce Allah ya kai su lafiya, ya ba ta sauƙi.

"Sauƙin me?" Ta gyara goyonta. "Ni ban yi karatu ba, ban san baƙaƙe ba. Amma na san hanyar Treichville. Kai za ka je, ko ni?"

Na je. Ba ƙarfin imani ne ya kai ni ba, tsoron a ce matar Malam ce ta tona shi ne. Na rubuta haka don kada ku ƙara mini abin da ba nawa ba.

Na isa layin mahauta kasuwa tana ci, ana sara ana kira, matan gidajen abinci suna tsaye da robobi. Wani tsohon mahauci mai barkwanci da ake kira Baba Tanko ya hango ni ya ɗaga wuƙa sama.

"Allah gafarta Malam! Yau wa za a duba mana? Ga Sale nan, kullum aka kira asuba sai nasa aljanin ya danne shi a katifa, ba ya sakinsa sai an dafa shayi."

"Naka ai ya fi nawa tsufa, Baba," in ji Sale daga teburinsa. "Tun kafin a haife ni yake zaune a kan ma'auninka."

Aka yi dariya. Idi ya gaishe ni, ya jawo mini kujera, ya kai hannu wajen hanta. Na ce ya bari. Na so in ja shi gefe, sai na tuna cewa wasu daga cikin mutanen nan suna ƙofar shagon Alhaji ranar Juma'ar. Na tsaya inda nake na ce, da muryar da nake karantarwa da ita:

"Idi, abin da na faɗa a kan 'yarka ba gaskiya ba ne. Ba ta da komai. Ba sunan Allah take gudu ba, ha-kuri take gudu. Haƙuri take ji, irin na ranar rasuwar uwarta. Na gane tun ranar da na je gidanka, na yi shiru."

Da farko abin ya ba su dariya. Sale ya ce, "Ha-kuri? Lallam ha-kuri?" Wani daga can ya karɓa da waƙar yarinta, alu, ambaki, wau, zal, har da kaɗa kai. Baba Tanko ne ya fara daina dariya, sauran suka bi shi. Idi bai daina aiki ba. Ya gama sara ƙashin da ke gabansa, ya zuba wa matar da ke jira, ya sallame ta, ya goge hannu a gaban rigarsa.

"Tun ranar da ka je gidana."

"Tun ranar."

"Ka buge ta a kan wannan?"

"Na buge ta."

Ya daɗe yana kallon katakon sara. Wuƙar tana kusa da hannunsa, na ga Baba Tanko ya matso a hankali ya tsaya tsakaninmu kamar mai neman wani abu. Idi bai ɗaga murya ba.

"Ba zan bar tebur ba. Ka je ka gaya wa Asabe ta kwance kayan. Da bakinka. Ka tsaya a tsakar gida ka faɗa yadda matan gidan za su ji."

Na je na tsaya a tsakar gidan na faɗa. Matan suka fito ƙofofinsu suka saurara, amaryar nan ta ce ikon Allah ta koma ɗaki. Asabe ta dube ni ta ce, "Daban ne, ko Malam?" Ta shiga ta jawo jakar ta zazzage a kan tabarma. Rabi tana zaune a bakin ƙofa da sababbin takalman roba da aka saya mata don tafiyar. Na durƙusa a gabanta, karo na farko da idona ya yi daidai da nata. Na buɗe baki, sai na ga kalmar da Bahaushe yake ba da baki da ita ba ta faɗuwa a nan. Yafe mini kuma ba za ta gane ba. Na ce mata pardon, da baƙin Faransancina na tasha. Ta leƙa bayana, ta leƙa hannuwana, ta yi wa Asabe magana.

"Me ta ce?"

"Ta ce ina bulalar."

Na buɗe mata tafin hannuna biyu. Ta duba, ta tashi ta tafi bakin famfo tana gwada takalmanta a cikin ruwa.

Abin da ya biyo baya kun ga wani sashe da idonku. Idi bai ce komai a kaina ba, ko a kasuwa ko a masallaci. Ni na faɗa da bakina a gaban layi guda na mahauta, ba a bukatar wani ya ƙara. Iyaye suka kwashe yara, wasu don bulalar, wasu don malamin da ya ce ya yi ƙarya ba malami ba ne a wurinsu. Waɗanda suka rage na sauko musu da allunan daga saman kabad, na kankare, na ce wa Alhaji ba zan ƙara tsayawa gaban tablo ba. Ya yi mini magana ta hankali, ya ce ya gina ɗakin ne don ɗaki cike, kuma akwai wani matashi da ya yi karatu a waje yana nema. Gaskiyarsa ce. Ya bar mu har ƙarshen damina, ya kuma sa motarsa ta kwashe mana kaya zuwa ƙaramin gidan da kuka girma a ciki. Cin abinci ya yi wuya a shekarun, innarku ta fara soya ƙosai a bakin titi, ke babbarsu kika bar lakwal shekara guda. Wannan nauyin a wuyana yake.

A sabon gidan na koma baranda. In an kawo mini yaro ba na rubuta masa komai sai na san wane harshe yake mafarki da shi, wa ke gidansu, me yake tsoro, ko yatsunsa sun isa riƙe alƙalami. Wani sai mu yi wata muna zane a yashi cikin tire. Wani ranar farko nake ba shi allo domin ya riga ya gaji da jira. Na koyi Faransancin yara da ɗan Julanci a bakinsu, suna yi mini dariya suna gyara mini. Sunayen baƙaƙe ban yar da su ba, amma nakan fara tambayar yaro da me harafin ya yi masa kama, in ya ce ƙwallo mu tafi da ƙwallo har ya girma ya karɓi sunan gaskiya. Ban ƙirƙiro komai ba, hanyar Malam Ɗanbaba ce, sai dai yanzu na san dalilinta. Yaran ba su taɓa cika barandar ba, karatun kuma ba ya sauri.

Rabi ba a kai ta arewa ba. Ta girma a ɗakin gwaggonta, kusa da ubanta. Sunan da na liƙa mata bai fita da wuri ba, na ji yara sun daɗe suna tsokanarta da shi a bakin famfo. Ba ta dawo wurina ba, ban kuma nema ba. Wata tsohuwa Bajula a layinsu ce ta koya mata, a hankali, da harshen uwarta. Idi yakan amsa sallamata in mun haɗu a jana'iza, iyakarta ke nan har ya bar duniya. Bayan shekaru, tun Idi yana da rai, na ji Rabi ta yi sauka, an yi walima a Treichville. Ba a gayyace ni ba, kuma daidai ne. Da la'asar ranar sai ga Asabe da kanta a ƙofar gida da kwanon shinkafa da nama a rufe. Ba ta zauna ba, ta ce yaya ne ya ce a kawo. Innarku ta raba muku kuna ta murna ba ku san na mene ne ba, sannan ta tambaye ni ko zan ci. Na wanke hannu na ci.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya yi wa Rabi albarka a inda take.